Lambobin 'Yan Mazan Jiya a Hannun Ma'aji: A Ajiye ko a Kai Gwanjo?

A Amurka al'ada ce mutum ya kama hayar ɗan akwatin ƙarfe a ɗakin ajiyar banki, ya zuba abin da ba ya son gobara ko ɓarawo su taɓa: takardar gida, zoben aure, tsofaffin sulalla, wasiyya. Makulli ɗaya na hannunsa, ɗaya na hannun banki, kuma sai an haɗa biyun akwatin ke buɗuwa. Muddin yana biyan kuɗin haya, ba mai tambayarsa abin da ke ciki. Rikici yakan faro ne ranar da biyan ya tsaya. Ko mai akwatin ya rasu bai gaya wa 'ya'yansa ba, ko tsufa ya ci ƙarfinsa ya manta, ko ya ƙaura wata jiha, ko wani banki ya haɗiye bankinsa aka rufe reshen. Banki ya aika wasiƙa, ta dawo. Idan wa'adin da dokar jihar ta yanka ya cika, galibi shekara 3 zuwa 5, sai a kira mai huda makulli, a buɗe akwatin, a rubuta abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure, a aika wa ofishin da ke kula da dukiyar da ba a zo nema ba. A yawancin jihohi, wannan aikin ma'ajin jiha ne.

Jiha ba cinye kayan take yi ba, riƙo take yi. Ƙungiyar jami'an da ke wannan aiki ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 7 a ƙasar yana da wata dukiya tasa a irin wannan hannun, mafi yawanta kuɗi: ragowar asusun banki, albashin da ba a karɓa ba, kuɗin inshora. Mai karatu a Najeriya zai tuna dokar kuɗi ta 2020, wadda ta kafa asusu na musamman don ribar hannun jari da kuɗin asusun banki da suka shekara 6 ba a taɓa ba. Dangin juna ne. To, kuɗi ba ya cin wuri, a littafi kawai yake. Kaya kuwa suna bukatar ɗaki, da mai gadi, da mai lissafi. Shi ya sa bayan 'yan shekaru ana cigiya ba a dace ba, jihohi sukan buga gwanjo. Jihar Illinois takan yi nata a bikin baje kolin jiha da ake yi a Springfield, takan kuma yi ta intanet. Abin da aka samu a rubuta shi da sunan mai kayan, duk ranar da shi ko magajinsa ya zo da shaida, a biya shi.

A cikin waɗannan ƙunshe-ƙunshe ne ma'aikata suke cin karo da lambobin yabo na soja. Wasu a cikin akwatinsu na asali, wasu a naɗe cikin hankici, wasu tare da takardar sallama daga soja da hoton saurayi cikin kaki. A da babu abin da ya hana su bin sahun zobe da agogo zuwa teburin gwanjo. A farkon shekarun 2010 jihohi irin su Missouri da Tennessee suka fara yin dokar da ta ce lambar soja ba ta shiga gwanjo, sai dai a riƙe ta har mai ita ko magajinsa ya bayyana. A 2016 kuma hukumar lauyoyin da ke tsara wa jihohi dokoki na bai-ɗaya ta sabunta samfurin dokar dukiyar da ba a nema ba, ta sa masa sashe na 705. Sashen gajere ne. Ya haramta wa jami'in jiha sayar da lambar da aka bayar don aikin soja a rundunonin Amurka. Ya yarje masa ya miƙa ta amana ga ƙungiyar 'yan mazan jiya, ko ga hukumar da ta bayar da ita, ko ga wata ma'aikatar gwamnati, idan sun amince su riƙe wa mai ita. Sannan ya ce da zarar ya miƙa, nauyin tsaronta ya sauka daga wuyansa. Illinois na cikin jihohin da suka ɗauki samfurin, dokarta ta fara aiki a farkon 2018.

A majalisa irin wannan doka ba ta shan wahala, don ba ɗan siyasar da zai so a ce ya kaɗa ƙuri'ar sayar da lambar mamaci. Amma sauƙin wucewa ba ya nuna an gama magana. Akwai masu ganin dokar gyara ce da ta makara, akwai kuma masu ganin ta rufe ƙofa ɗaya ba ta buɗe wata ba, kuma kowane ɓangare na da abin faɗa mai nauyi.

Masu goyon baya sukan fara ne da lambar da aka fi yawan magana a kanta, wato Purple Heart. Ɗan ƙarfe ne mai siffar zuciya, bai cika tafin hannu ba, cikinsa shunayya, gefensa ruwan zinariya, da fuskar George Washington a tsakiya, rataye da ƙyalle shunayya mai farin baki. Asalinta daga Washington ne da kansa, wanda ya ƙirƙiro wata alamar yabo ta ƙyalle ranar 7 ga Agusta 1782. Aka manta da ita, sai a 22 ga Fabrairu 1932 aka farfaɗo da ita a zamanin da Janar Douglas MacArthur ke shugabancin hafsoshin sojan ƙasa. A yau babban sharaɗinta shi ne a ji wa soja rauni ko a kashe shi a hannun abokan gaba. Ba gasa ake yi a ci ta ba, ba kuma alfarmar kwamanda ba ce. Idan sojan ya mutu, gwamnati takan zana sunansa a bayanta ta aika wa iyalinsa, kuma sau da yawa a Yaƙin Duniya na Biyu ita ce abin da uwa ta samu a hannu, gawar ɗanta tana can maƙabartar soja a Faransa ko Italiya.

Hujjarsu ita ce, duk tsarin gwanjo ya ginu ne kan cewa kuɗi na iya tsayawa a madadin kaya. Ga zobe wannan magana tana da ƙafa, tun da ana iya auna zinariyarsa a biya. Amma jikan da ya zo bayan shekara 20 yana neman lambar kakansa, aka miƙa masa cekin 'yan daloli aka ce ga haƙƙinka, ba a biya shi komai ba. An ma ƙara masa ciwo, don yanzu ya san abin yana hannun wani da ba zai taɓa gano shi ba. Kuma abin da ya fi yi wa mutane zafi shi ne mai sayarwar. Gwamnati ce ta tura yaron yaƙi, gwamnati ce ta ba da lambar da sunan al'umma duka, sai kuma a wayi gari wani reshe na gwamnati yana buga ƙararrawa a kanta. Ko da kuɗin ba aljihun jiha zai shiga har abada ba, abin bai yi kyan gani ba.

Suna kuma kawo maganar 'yan sojan gona. Dokar tarayya ta daɗe da haramta saye da sayar da Medal of Honor, lamba mafi girma a ƙasar. A 2006 aka sa hannu kan wata doka da ta mai da yin ƙaryar samun lambar soja laifi. Wani mai suna Xavier Alvarez, ɗan hukumar ruwa ta wani yanki a California, ya miƙe a taro a 2007 ya ce an ba shi Medal of Honor, alhali bai taɓa sa kaki ba. Shari'arsa ta kai Kotun Ƙoli, a 2012 alƙalai 6 cikin 9 suka soke dokar bisa hujjar 'yancin faɗar albarkacin baki. Majalisa ta sake wata a 2013, wadda ta taƙaita laifin ga mai yin ƙaryar don ya sami kuɗi ko wani amfani. Tun da doka ba za ta iya kama kowane maƙaryaci ba, in ji masu goyon baya, ƙaramin abin da jiha za ta yi shi ne kada ta zama ita ce mai zuba lambobi na gaske a kasuwar da maƙaryata ke saye.

Hujjarsu mafi ƙarfi dai ta tarihi ce, kuma ba kowa ya san ta ba. Ranar 12 ga Yuli 1973 gobara ta tashi a cibiyar ajiye takardun ma'aikatan soja da ke kusa da St. Louis a jihar Missouri, ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18. Kusan kashi 80 cikin 100 na takardun sojojin ƙasa da aka sallama daga 1912 zuwa 1960 sun tafi, kuma ba a yi musu kwafi ba. Ƙari a kan haka, ba a taɓa haɗa cikakken jerin waɗanda aka ba Purple Heart ba. Ƙiyasi ne kawai ake yi cewa sun kai miliyan 1.8, don da yawa a asibitin filin daga aka maƙala musu ita a riga. Ke nan ga dubban iyalai, ƙunshin da ya fito daga akwatin banki yana iya zama shaidar da ta rage a duniya cewa wane ya je yaƙi, ya zubar da jini a wuri kaza. Idan aka watsa ƙunshin a gwanjo, an watsa shaidar.

Kuma riƙon yana haifar da ɗa mai ido. A watan Nuwamba 2021 ma'ajin Illinois, Michael Frerichs, ya fito da sunayen da ke kan akwatunan da aka sami lambobin Purple Heart guda 11, ya roƙi jama'a su taimaka da cigiya, kuma tun daga lokacin an mayar da wasu hannun iyalansu. A Pennsylvania ma'ajiya Stacy Garrity, wadda ita kanta kanar ce mai ritaya da ta je Iraƙi, ta mayar da ɗaruruwan lambobi da kayan soja, kuma ofishinta na da shafi na musamman a intanet inda mutum zai rubuta sunan danginsa ya duba. Da an sayar da waɗannan shekaru 10 da suka wuce, da babu abin mayarwa.

Ɗaya ɓangaren ba maƙiyan soja ba ne. Da yawansu masu tara lambobi ne da masu binciken tarihin yaƙi, wasunsu ma 'yan mazan jiya ne, kuma maganarsu ta fi yadda ake zato wuyar turewa.

Suna cewa a daina ɗaukar ƙarfen kamar shi ne sojan. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta ƙera lambobin Purple Heart masu ɗimbin yawa tana shirin mamaye Japan. Japan ta miƙa wuya a 1945, aka bar kusan rabin miliyan a sito, aka yi ta rabawa daga cikinsu a yaƙin Koriya da na Biyetnam har bayansu. Rundunonin soja kuma suna ba tsohon soja ko makusancin magajinsa madadin lambar da ta ɓata idan ya nema. Bugu da ƙari, lambar da aka ba sojan da ya ji rauni ya rayu galibi ba ta da suna a baya. To idan aka buɗe akwati aka sami irin wannan, ba suna, ba takarda, ta wa ce? Sunan da ke kan akwatin yana iya zama na matar sojan da ta sake aure, ko na ƙanwarsa, ko na wani da ya saye ta a kasuwar tsofaffin kaya. Doka ta ce a riƙe ta har abada saboda mai ita, amma ba wanda zai iya tabbatar da cewa shi ne mai ita. Za ta zauna a aljihun tebur na ƙarfe a ginin gwamnati, ba mai gani, ba mai karanta labarinta, kuma a cewarsu wannan ba girmamawa ba ce, binnewa ce.

Suna kuma tambaya: me ya sa lamba kaɗai? A akwatunan nan akwai sarƙar da kaka ta tsere da ita daga wata ƙasa, akwai agogon uba, akwai littafin addini mai sunayen zuri'a a bangonsa. Su ma kuɗi ba ya biyan su. Idan hujjar ita ce wasu abubuwa sun fi ƙarfin farashi, to dokar ta zaɓi rukuni guda ta bar saura a teburin gwanjo. Suna zargin cewa an zaɓi lambar ne don ba ta cin kasafin kuɗi, kuma a jihohi da yawa zaɓen ma'aji ake yi, bikin miƙa lamba gaban 'yan jarida ranar 11 ga Nuwamba, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, yana yi masa amfani. Wannan zargi yana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma ba ya rusa dokar. Iyalin da suka karɓi lambar mahaifinsu sun karɓa, ko da mai miƙawa yana da wata manufa. Kuma bambancin a fili yake: sarƙa da agogo a kasuwa aka saye su tun farko, lamba kuwa ba ta taɓa biyowa ta kasuwa ba.

Inda maganarsu ta fi kama ƙasa shi ne kan rawar da kasuwa ke takawa wajen ceton lambobi. Abin da ke da farashi ba a jefa shi a shara. Lambar da ta fi suna a duk wannan batu, Purple Heart ta Corrado Piccoli, matashin soja daga Watertown ta jihar New York da aka kashe a Faransa a 1944, a shagon tsofaffin kaya aka same ta. Wata mata ta saye ta ta ba ɗanta Zachariah Fike, hafsan soja, kyautar Kirsimeti a 2009. Fike ya tafi Afganistan, ya ji rauni a 2010, ya dawo da tasa lambar, ya ci gaba da bincike har ya gano dangin Piccoli ya mayar musu. Daga nan ya kafa ƙungiyar Purple Hearts Reunited a 2012, wadda ta mayar da ɗaruruwan lambobi. An ma gabatar da ƙudiri a majalisar tarayya da sunan Piccoli don hana cinikin lambobin Purple Heart da aka riga aka ba sojoji. Masu tara lambobi suka ce, da wannan ƙudiri ya kasance doka a lokacin, mai shagon ba shi da dalilin ajiye ta, da ta bi kwandon shara ranar da aka kwashe kayan gidan da ta fito.

Suna nuni da Birtaniya, inda ko Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a can, ana sayar da ita a fili. Lord Ashcroft ya tara sama da 200, har da ta Kyaftin Noel Chavasse, likitan soja da aka ba ita sau biyu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, wadda aka ruwaito ya saya kan kusan fam miliyan 1.5 a 2009. Daga 2010 aka baje su a wani zaure na Gidan Tarihin Yaƙi da ke Landan, jama'a na shiga suna karanta labarin kowane soja. Mai tara lambobi na gaske yakan bi diddigin lambar rajista, ya nemo rundunar, ya nemo ranar da aka yi artabu, ya rubuta. Ma'aikacin ofishin ma'aji mai dubban fayiloli a gabansa ba shi da wannan lokacin.

Sai dai misalan nasu suna da baya. A 2025 gidan tarihin ya sanar da rufe zauren Ashcroft, abin da ya nuna cewa ganin jama'a ga kayan da ke hannun mutum guda ba tabbas gare shi ba. Farashi mai tsada kuma yana kiran ɓarayi: a Disamba 2007 aka fasa gidan tarihin soja na Waiouru a New Zealand aka kwashe lambobi 96, har da Victoria Cross 9, sai da aka sa ladan kuɗi aka dawo da su a watan Fabrairu na shekarar da ta biyo. Ga kuma labarin Tommy Prince, ɗan asalin mutanen farko na Kanada, wanda ya yi suna a Yaƙin Duniya na Biyu da na Koriya, ya mutu cikin talauci a Winnipeg a 1977. Lambobinsa sun fita daga hannunsa, suka yi ta yawo, suka ɓullo a gwanjo a shekarar 2000. Sai da danginsa da jama'a suka yi karo-karo suka biya dalar Kanada 75,000 kafin su dawo da su, yau suna gidan tarihin Manitoba. Gaskiya ne kasuwa ta hana su ɓata. Gaskiya ne kuma ta sa dangin talaka sun sayi abin da ɗan'uwansu ya samu da jininsa.

Akwai mai cewa magaji matalauci zai fi son kuɗi. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, don dokar ma'aji ta ɗaure, ba magaji ba. Ya karɓi lambar, shawarar abin da zai yi da ita tasa ce, gwargwadon abin da dokar tarayya ta yarda.

Idan aka ɗora hujjojin a sikeli, haramcin sayarwa ya rinjaya, kuma dalilin mai sauƙi ne. Kuskuren riƙewa ana iya gyara shi gobe, kuskuren sayarwa ba ya gyaruwa. Lambobi dubu ba za su cika kabad biyu ba, saboda haka kukan tsadar ajiya bai taso ba. Hujjar kasuwa kuma, duk da ƙarfinta, ta shafi lambar da ke hannun mai shago ne, wadda za a iya jefarwa. Wadda ke hannun jiha an riga an cece ta, an rubuta ta a littafi, tana da suna da adireshin akwatin da ta fito. Fitar da ita gwanjo yanke wannan zaren ne.

Amma masu suka sun yi gaskiya a abu guda, kuma shi ne babba: haramci kaɗai ba ya mayar da lamba gida. Fiƙihun Musulunci da ya yi magana kan tsintuwa bai tsaya kan cewa kada a ci ba, ya wajabta cigiya har shekara guda a inda mutane ke taruwa. Sashe na 705 ya faɗi abin da ma'aji ba zai yi ba, bai ɗora masa wani aikin nema na musamman kan lambobi ba, bai ware kuɗin ɗaukar mai binciken zuri'a ba. Abin da aka gani a Illinois da Pennsylvania himmar mutanen da ke kan kujera ne. Gobe wani ya hau da ba ruwansa, doka ba za ta kama shi da laifin komai ba muddin bai sayar ba.

Ƙarshen sashen ma abin dubawa ne. An ce idan ma'aji ya miƙa lambar ga ƙungiyar 'yan mazan jiya, ya fita daga alhaki. Waɗannan ƙungiyoyi mutanen kirki ne, amma rassansu a ƙananan garuruwa suna rufewa yayin da membobi ke tsufa suna mutuwa. Ranar da reshe ya rufe aka sayar da ginin, wa zai bi sawun lambar da aka ba shi amana shekara 15 da suka wuce? Ya kamata sunan lambar ya ci gaba da zama a littafin jiha, a riƙa bibiya, ko da tana rataye a bangon wani zaure. Nan ne ma za a iya sulhunta ɓangarorin biyu: bayan wasu shekaru ana nema ba a samu ba, a ba gidan tarihi aronta, a baje ta da sunan sojan da abin da aka sani game da shi, haƙƙin magaji na nan daram. Jikan da ba zai taɓa buɗe shafin ma'aji ba yana iya cin karo da sunan kakansa a gidan tarihin garinsu.

Sannan takardu. Samfurin dokar ya ambaci lamba, bai ambaci takardar sallama, ko wasiƙar ta'aziyya daga kwamanda, ko hoto ba, alhali a wani sashe ya yarje wa jami'i ya zubar da abin da ba shi da wata daraja a kasuwa. Wasu ofisoshi suna ajiye su don kansu, madalla. Amma bayan gobarar 1973 takardar ta fi ƙarfen muhimmanci, don ita ce ke ɗauke da lambar rajista da sunan runduna da garin haihuwa. Dokar da ta kare ƙarfe ta bar takarda ta kare abin da ake iya musanyawa, ta saki abin da ba a iya musanyawa. Ya kamata ƙunshin ya zauna tare, kamar yadda mai shi ya ɗaure shi.

Akwai kuma giɓin da ya shafi baƙi. Lafazin sashen ya tsaya kan rundunonin Amurka, a ƙasar da miliyoyin mutanenta daga wasu ƙasashe suka zo. Dubban 'yan Najeriya da 'yan Gana sun yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma a ƙarƙashin Birtaniya, kuma akwai lambar tagulla mai siffar tauraro da aka ware wa waɗanda suka yi wannan yaƙi. Idan jikan ɗayansu ya kai ta Amurka ya sa a banki, ya rasu, wannan lafazin bai kare ta ba. Haka lambar ɗan Poland ko ɗan Koriya. Gyaran bai wuce ƙara 'yan kalmomi ba.

Cigiyar kanta ba ta da sauƙi, kuma bai kamata a raina wahalar ma'aikatan ba. Idan aka faɗi komai game da lamba, ɗan damfara zai haddace ya zo da labari. Idan aka ɓoye komai, mai ita na gaske ba zai gane ta ba. Shi ya sa ofisoshin sukan fitar da suna da gari da shekarar da kayan suka zo, su riƙe sauran bayanai don gwada mai da'awa, su nemi takardar haihuwa ko ta mutuwa ko ta gado. Wani lokaci magada biyu su taso, ɗan matar fari da 'yar ta biyu, kowa da shaidarsa, lamba kuma ɗaya ce ba ta rabuwa. Duk wannan aiki ne na mutum mai haƙuri da waya da tsofaffin jaridu da rajistar maƙabarta, kuma albashi ake biyan irin wannan mutumin, ko a haɗa gwiwa da ƙungiyoyin sa-kai da masu tara lambobin nan da suka ƙware wajen bin diddigi.

Lokaci kuma ba ya jira. Cikin Amurkawa sama da miliyan 16 da suka sa kaki a Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda ke raye a 2024 ba su kai 100,000 ba. 'Ya'yansu, waɗanda za su ji suna a rediyo su ce wannan ai ƙanin babanmu ne da ya mutu a Italiya, yawancinsu sun haura shekara 70. Bayansu sai jikoki, da yawa sun bar jihar, wasu sunan gidan ma ya sauya ta hanyar aure, kuma akwatunan mutanen Koriya da Biyetnam sun riga sun fara isowa ofishin ma'aji.